Saje Isyaku da Yaran Badujala

A unguwannin da ke bayan Ƙofar Wambai, in ka ce Isyaku Garba sai a tsaya tunani, amma in ka ce Saje mai badujala kowa zai nuna maka gidan. Gidan ƙasa ne mai zaure biyu, gidan dukawa tun kaka da kakanni. Nan aka haife shi, nan ya tashi yana riƙe wa mahaifinsa fata ana yanka, kuma da abin ya tafi yadda aka saba, da a kan buzun dukanci zai tsufa kamar sauran 'yan'uwansa.

Yaƙin basasa ne ya canza masa hanya. Yana ɗan shekara goma sha tara aka yi shelar ɗaukar soja, ya bi abokansa bai sallami kowa ba. A wajen horo wani kofur ya lura in an sa su gudu kowa sai haki yake, shi kuwa ko a jikinsa. Ya miƙa masa begila ya ce ya busa. Sautin da ya fito ya sa duk filin dariya, amma ya daɗe yana fitowa bai yanke ba. Kofur ya ce, "Wannan yana da numfashi. Saura koyo." Daga ranar ya zama ɗan badujala. A fagen daga ba busa suka yi ba, su ne masu ɗauko waɗanda aka harba. Wannan ɓangaren na rayuwarsa bai taɓa ba kowa labarinsa ba, har matarsa 'Yardada.

Shekara talatin ya yi cikin kaki. Daga begila aka mai da shi kan ƙaho mai maɓalli uku, ya koyi karanta takardar kiɗa, ɗige-ɗigen nan masu jela da ke zaune a kan layi biyar. Su arba'in da 'yan kai ne, kuma yawancinsu tare suka yi furfura. Na hannun damansa wani mutumin Zuru ne mai suna Bitrus, ƙanensa a aiki, wanda suka yi shekara goma sha takwas kafaɗa da kafaɗa. Isyaku yakan san inda Bitrus zai ja numfashi tun kafin ya ja. A badujalar soja ba a yabon mutum don ya busa daidai, don aikinsa ke nan. Kuskure kaɗai ake ji, shi ma sau ɗaya ake yafewa.

Akwai abin da ke damun 'Yardada game da aikin, ko da yake ba ta cika faɗa ba. A shekarun nan, duk ranar da aka wayi gari rediyo ba labarai sai kiɗan badujala, kowa ya san an yi juyin mulki. Takan kashe akwatin ta shigar da yara ɗaki. Wata rana da ya zo hutu Kano, wani dattijon maƙwabcinsu ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Isyaku, ashe ku ne masu kiɗan nan da in an ji shi gaban mutum ke faɗuwa?" Ya yi murmushi ya ce su busa kawai aka ce su yi. Amma maganar ta zauna masa.

Abin da ya raba shi da ƙaho bai taka kara ya karya ba a idon mutane. Wata mota ce ta goge ɗan acaɓan da ya ɗauko shi, Isyaku ya faɗi ta baki, haƙoransa huɗu na gaba suka zube. Aka sa masa na roba, sun yi kyau a ido, amma mai busa da haƙoran gaba yake tokare bakin ƙaho, na roba kuwa motsi suke. Shugaban badujala ya saurare shi sau biyu, washegari aka mai da shi sito yana goge kayan da wasu za su busa. Ya yi shekara guda a haka, ya ajiye aiki, ya kwaso iyalinsa suka dawo gidan gado.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Yakan tafi rumfar ƙanensa a kasuwar Ƙofar Wambai ya zauna, ba ya saye ba ya sayarwa. Hanyarsa ta bi ta bayan katangar wata ƙaramar sakandare ta maza, kuma kowace safiya, lokacin da yara ke jeruwa, sai ya ji ana dukan wata ganga kamar ana kakkaɓe tabarma. Ya daure wata biyu. Ran nan ya kasa, ya shiga ya nemi shugaban makarantar, wani siririn mutum mai tabarau, Malam Auwalu.

"Malam, wa ke koya wa yaran nan kiɗa?"

"Ba kowa, Baba. Wanda ya riga ɗaukar sanda shi ne makaɗin ranar."

Malam Auwalu ya kai shi wani ɗaki a bayan ofis ya buɗe. Begila biyar duk sun lotse, ƙananan ganguna huɗu biyu a fashe, babbar ganga ɗaya, da sarewa goma sha biyu a cikin kwali, ɓeraye sun yi gida a ciki. Ya ce tun zamanin farar hula na baya aka kawo su. Ya kuma gaya masa gaskiya, makaranta ba ta da gurbin malamin kiɗa. Isyaku ya ce shi ba gurbi ya zo nema ba, a ba shi mabuɗin ɗakin kawai.

Gangunan ya fara gyarawa. Ya je majema da kansa ya zaɓo fatar akuya, hannunsa ya tuna abin da ya koya a zauren mahaifinsa. Begilolin ya kai wa wani maƙerin farin ƙarfe ya buga su suka miƙe. Ranar da aka yi shela, yara talatin da huɗu suka zo.

Ya ɗauke su kamar kuratan soja. Wanda ya makara ya yi tsallen kwaɗo, wanda ya yi dariya ya zagaye fili. Ya zana layi biyar a allo ya ce ba mai taɓa begila sai ya iya karatun takarda. Cikin mako uku suka koma su bakwai.

Ya dawo gida da la'asar yana faɗa, yana cewa yaran yanzu ba su da juriya. 'Yardada tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, su waɗancan da ka saba da su, in sun gaji suna iya tafiya?"

"Ina fa. Soja ne."

"To waɗannan suna iyawa. Kuma kai ma da aka fara ba ka begila, busa aka ce ka yi ko karatu?"

Washegari ya goge allon, ya raba wa bakwai ɗin kayan, ya ce kowa ya yi ƙarar da ya ga dama. Aka yi ta hargowa har malamai suka leƙo. Kafin ƙarshen zangon yara sun koma ashirin da shida.

A hankali ya gane irin aikin da ya ɗauka. Wannan ya makara don sai ya kai wa uwarsa niƙa, wancan dole ya tashi ƙarfe huɗu saboda Islamiyya, wani kuma ranar da ciniki ya yi yawa ubansa ba ya sakin sa daga rumfa. Ba ranar da yake samun su duka. Da kunne suke koyo, shi kuwa ba ya iya busa musu su ji, sai dai ya rera da baki yana buga cinya. Abin da suka iya ranar Litinin ya zube kafin Alhamis. Amma kuma ya ga abin da bai taɓa gani a bariki ba. Ranar da sarewa goma sha biyu suka fara haɗuwa a kan sauti ɗaya, yaran da kansu suka tsaya cak suna kallon juna, sai wani ya yi ihu, duk suka ɗauka. Ya buɗe baki zai tsawata, ya fasa.

Cikinsu akwai Ikrima, ɗan wani mai sayar da zare, dogo marar magana. Shi ya fi kowa kunne. In Saje ya rera abu sau ɗaya, ya ɗauke ke nan, har ya juya ya koya wa na kusa da shi. Isyaku ya sa shi gaban masu begila, kuma a ransa ya fara yi masa tanadin abin da bai gaya wa kowa ba.

Ana haka shugaban ƙasa na soja ya rasu, wanda ya gaje shi ya ce za a mayar wa farar hula mulki. Aka yi zaɓe, aka sa ranar Asabar, ashirin da tara ga watan Mayu na 1999. Saura mako uku takarda ta iso makaranta: bayan an rantsar da sabon gwamna, 'yan makaranta za su yi maci a filin wasa, kuma ana so badujalar yara ce za ta yi musu kiɗa. Sojoji za su yi nasu tun farko, su busa taken ƙasa, su koma gefe.

Aka haɗa su gwaji a wani fili da ke wajen Ƙofar Nassarawa. Yara suka zo a ƙasa, kowa da kayansa a hannu. Sai ga motar soja ta tsaya, mutane suka diro da ƙahoni suna walƙiya, wasu ma yaran ba su taɓa ganin irinsu ba. Wanda ya fito daga gaban motar da sandar shugaba a hammata, Bitrus ne. Ya hango Isyaku, ya ƙame ya sara masa, sannan suka rungume juna.

"Oga Isyaku! Ashe kai ne mai yaran?"

"Ni ne, Bitrus. Sanda ta zo hannunka ke nan. Allah ya taya riƙo."

Sojoji suka fara. Bitrus ya ɗaga sanda, mutum arba'in suka ja numfashi tare, sautin ya fito kamar daga baki ɗaya. Isyaku ya ji shi har cikin haƙarƙarinsa. Yatsunsa uku na dama suka riƙa motsi a jikin rigarsa, suna danna maɓallan da babu. Shekara biyu rabonsa da jin wannan a kusa, kuma sai a lokacin ya san bai warke ba.

Da aka ce yara su yi nasu, ba wanda ya motsa. Ikrima ya sauke begilarsa ya ɓoye ta a bayansa. Da ƙyar Isyaku ya sa suka fara, abin ya fito a warwatse, masu sarewa na gaba, masu ganga na binsu a guje. Wani soja ya yi dariya, Bitrus ya juya ya dube shi, dariyar ta tsaya.

Suka kama hanyar komawa. Sai da suka shigo ƙofar gari Ikrima ya matso ya ce, "Baba Saje, mu fa ashe wasa muke yi. Gara a bar su su yi duka."

Isyaku ya tsayar da su a inuwar wata bishiya. Ya ce, "Mai babbar gangar nan tasu, kun gan shi? Ran da aka haife ku yana dukanta. Ba shi da wani aiki, ba ya kai niƙa, ba ya jiran rumfa. In ya yi kuskure a hukunta shi. Ku ba za ku yi kamarsu ba, ko nan da shekara biyar, kada ma wani ya ruɗe ku. Amma ranar Asabar ɗin nan ba su aka ce su yi wa 'yan makaranta kiɗa ba. Sun yi shekara goma sha biyar na mulkin soja ana jin su. Ku aka ce." Sannan ya ƙara da cewa, "Wanda ba zai iya ba ya ajiye kayansa gobe, ba zan riƙe shi a rai ba."

Washegari ba wanda ya ajiye. Kwanakin da suka rage, iyaye ma suka sassauta, aka riƙa sakin yara da wuri. Ya rage musu waƙoƙin daga biyar zuwa biyu, ya ce gara biyu a tsaye.

Ranar ta zo da zafi, hadari ya taru a gabas bai sauko ba. Fili ya cika maƙil. Sojoji suka busa taken ƙasa, aka yi rantsuwa, aka yi jawabi, sannan suka koma gefe suka tsaya da kayansu. Aka kira 'yan makaranta. Isyaku yana bakin layi cikin farar riga da hula, ba shi da ikon shiga. Ikrima ya ɗaga begila, ya busa kiran farko, ya fito tas. Ganguna suka ɗauka, layukan yara suka taso, jama'a suka kaure da tafi.

Tafin ne ya jawo matsala. Yaron da ke kan babbar ganga ya ji filin duka na kallonsa, hannunsa ya fara sauri. Ƙananan ganguna suka bi shi. Masu sarewa numfashi ya fara gaza musu, masu maci na baya har sun soma sassarfa. Isyaku ya ɗaga hannu yana yi musu alama, ba mai kallonsa. Ya san saura kaɗan abin ya watse a gaban dubban mutane.

Sai ya ji wata ganga daga gefe, mai zurfi, ba da ƙarfi ba, tana faɗuwa a inda ya kamata. Ya waiga. Bitrus yana tsaye ƙiƙam yana kallon gaba kamar ba ruwansa, amma sandarsa na taɓa ƙafar wandonsa a hankali, mai babbar gangarsu kuma yana bin sandar. Yaron ya ji ta, ko bai san daga ina take ba, hannunsa ya lafa ya koma kanta. Sauran suka dawo. Suka wuce gaban rumfar manya a jere, suka kai ƙarshen fili, gangar gefe ta yi shiru. Isyaku ya sunkuyar da kai ya daɗe yana gyara hular da ba abin da ya same ta.

Da taro ya watse ya je ya kama hannun Bitrus. Bitrus ya ce, "Oga, mu fa mun busa wa shugabanni da yawa, ba wanda ya taɓa tafa mana haka. Mutanena ma sun ce tsigar jikinsu ta tashi." Sannan ya rage murya. "Dogon yaron nan mai begila, in ya isa shiga soja ka turo mini shi. Zan tsaya masa."

Ranar Litinin Isyaku ya tara yaran ya gaya musu yadda gangar sojoji ta dawo da su kan hanya, bai ɓoye ba. Mai babbar ganga ya sunkuyar da kai. Isyaku ya ce, "Ɗago. Sauri ka yi, kuma da ka ji gyara ka bi. Akwai manya da ba sa iya wannan."

Bayan sun tashi ya riƙe Ikrima ya ba shi saƙon Bitrus. Ya zaci yaron zai yi tsalle. Ikrima ya daɗe yana murza igiyar begilar, sannan ya ce, "Baba Saje, ka yi haƙuri. Ni aikin asibiti nake so. Busan nan ina jin daɗinsa ƙwarai, amma ba shi nake so in zama ba."

Isyaku ya dafa kafaɗarsa. Ya ce, "To. Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki.

Bai gama farfaɗowa ba aka yi jarrabawar 'yan aji uku. Goma sha ɗaya daga cikin yaransa suka gama, kuma su ne gwanayen: masu begila huɗu, mai babbar ganga, da rabin masu sarewa. Suka zo ɗaya bayan ɗaya suka ajiye kayan, suka durƙusa suka yi masa sallama. Ya je ofis ya sami Malam Auwalu ya ce, "Malam, badujala ta rushe."

Malam Auwalu ya cire tabarau ya ce, "Saje, haka makaranta take. Ni shekara ashirin da biyu ke nan, duk wanda na koya wa ya iya sai ya tafi. Watan Satumba wasu za su zo ba su san komai ba."

"To mutum ya yi ta farawa ke nan?"

"Ya yi ta farawa."

Satumba ta zo, Isyaku ya buɗe ɗakin kaya. Haka ya yi shekara goma. Badujalarsa ba ta taɓa wuce waƙa huɗu ba, wata shekarar ta yi kyau, wata shekarar sai haƙuri. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa, uku ne kawai suka ci abinci da kiɗa. Sauran sun zama teloli, direbobi, malamai, 'yan kasuwa. Ikrima ya zama ma'aikacin jinya, kuma shi ya riƙa zuwa gida yana duba shi lokacin da ciwon suga ya kwantar da shi.

Isyaku ya rasu da damina, ranar wata Talata da hantsi, yana da shekara sittin da ɗaya. Aka yi masa salla a ƙofar gida bayan azahar. Layukan suka cika lungun har suka fita titi, yawancinsu samari ne da 'yan unguwa ba su san su ba. Bayan kwana bakwai 'Yardada ta aika wa makaranta mabuɗin ɗakin kaya, wanda ta samu a aljihun rigarsa. Sabon shugaban makarantar ya miƙa shi ga wani tsohon ɗalibin Saje, tela a Ƙofar Wambai, wanda ya ce zai riƙa zuwa koya wa yara kiɗa Litinin da Laraba in ya rage ɗinki.